Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Shugaban da ya ɗauki lafiyar talakawa amana

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke fara zuwa zukatan mafi yawanmu shi ne jarumin da ya ci Alƙalawa, wanda ya gina birnin Sakkwato, kuma marubucin Infaƙul Maisuri. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan bawan Allah, duk da nauyin mulki da yawan yaƙe-yaƙe, ya zauna ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki da ciwon ƙoda. A wannan zamani da sanƙarau ke dawo mana lokacin zafi, kuma gardama kan allurar rigakafi ba ta mutu ba a zaurukanmu, ya dace mu waiwayi rayuwarsa ta wannan fuska, mu ga yadda malami kuma sarki ya ɗauki sha'anin lafiyar jama'arsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wadda ta yi daidai da 1195 bayan Hijira. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, a ƙasar Gobir, cikin gidan da karatu ne sana'arsa, maza da mata. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, da baffansa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, da wansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malaman jama'ar Shehu. Ya sha Larabci da fiƙihu da hadisi da tafsiri da usulu, kuma tun yana saurayi aka san shi da kaifin basira da kwaɗayin littafi, ko wane fanni ne.

Irin karatun da aka yi a Ɗegel bai ware likitanci daga addini ba. Malaman jama'a sun gaji littattafan magabata, ciki har da na Imam Gazali, wanda ya lissafa likitanci cikin farillan da idan wasu suka ɗauke su sauran jama'a sun huta, idan kuwa kowa ya bari to duk gari ya yi laifi. Gazali ya ma koka da yadda ake samun garuruwan Musulmi cike da masana fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Da wannan fahimta Bello ya girma.

Abin da ya gani a shekarun jihadi

Yana da shekara 22 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yunin shekarar aka yi nasara a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare jama'a ta sha mummunan kaye a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Abin da ya biyo baya shi ne yawo da iyali daga wannan sansani zuwa wancan, daga Gobir zuwa Zamfara, daga nan zuwa Gwandu, cikin yunwa da rashin lafiya. Bello ya gani da idonsa cewa takobi ba shi kaɗai ke kashe mutane a lokacin fitina ba. Ƙarancin abinci da cunkoso da cuta su ma suna ɗibar nasu rabo, kuma sun fi ɗibar yara da mata da tsofaffi.

A 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato. Lokacin da Shehu ya raba aikin tafiyar da daula a 1812, gabas ta faɗa hannun Bello, yamma kuma hannun Abdullahi. A shekarar ce kuma ya kammala Infaƙul Maisuri. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a yana da shekara 35, ya riƙe sarautar Musulmi shekara 20.

Likita a kowane ƙauye

Mulkinsa bai zo da hutu ba. Tun a shekarar farko ya fuskanci tawayen Abdussalami a Kware, kuma Gobirawa da Kabawa ba su daina kai hari ba har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836. Duk da haka, tunaninsa ya tafi ga yadda mutane za su zauna su rayu. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna wuri ɗaya su yi noma, 'ya'yansu su yi karatu.

A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya zayyana ginshiƙan mulki na adalci. Daga cikinsu akwai wajabcin shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su. Ya lissafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, kuma a cikin wannan jeri ya sanya masu magani. Bai tsaya nan ba, ya nemi a rarraba su ga kowane ƙauye da kowace unguwa, a kuma kwaɗaitar da mutane su noma abinci su adana, a gyara hanyoyi da kasuwanni da gadoji.

Mu tsaya mu dubi wannan da kyau. A wurin Bello, mai magani ba kayan fada ba ne da za a ajiye wa sarki da fadawansa. Matsayinsa ɗaya da na maƙeri: ƙauyen da babu maƙeri ba ya noma, ƙauyen da babu mai magani kuwa ba ya zama lafiya. Ya kuma haɗa lafiya da rumbu da hanya da kasuwa, domin ya san mai yunwa ba ya jin magani, kuma mara lafiyar da babu hanyar da za a ɗauko shi kamar ba shi da likita ne. Sai a 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, kusa da inda mutane ke zaune, shi ne tushen lafiyar al'umma. An riga an rubuta irin wannan tunani a Sakkwato fiye da shekara 140 kafin wannan taro.

Littattafansa na likitanci

Masu bincike sun lissafa wa Bello rubuce-rubuce fiye da 100, kuma wani sashe nasu a kan magani ne. Akwai na gaba ɗaya, irin su Ujalatur Rakib da Almawaridun Nabawiyya, inda ya tattaro abin da ya zo a sunna game da cuta da magani, ya haɗa da bayanan malaman da suka rubuta a wannan fanni kafinsa. Akwai kuma gajerun risaloli, kowace a kan cuta guda: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Alƙaulul Manthur a kan basir, Tanbihul Ikhwani a kan magungunan tsutsar ciki, wata a kan ciwon ƙoda, wata kuma a kan amfanin filasko.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa cututtukan yau da kullum ne, waɗanda ke damun manomi da makiyayi da matar gida da almajiri. Ƙurar hunturu da ƙudaje na lalata idanu, gurɓataccen ruwa na cika cikin yara da tsutsa. Sarkin da ke da daula mai faɗi a hannunsa bai ga ƙasƙanci ba a ce ya yi rubutu a kan basir. Gajartar risalolin ma tana da hikima, domin a zamanin da babu injin buga littafi, abin da ɗalibi zai iya kwafewa cikin kwana biyu ya fi saurin isa ƙauye a kan babban mujalladi.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Kafin jihadi, malamin Borno Shehu Ɗahiru ɗan Ibrahim Alfallati ya tsara waƙar Larabci a kan gane basir da maganinsa. A cikin jama'ar Shehu, Malam Muhammadu Tukur ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ƙanwar Bello kuwa, Nana Asma'u, ta rubuta Tabshirul Ikhwani a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru wanda ya kai ilimi ga matan karkara har cikin gidajensu.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya ga ɗalibai: likitancin da ke cikin waɗannan littattafai na zamaninsa ne. An gina shi a kan tsohon bayanin ɗabi'o'in jiki na zafi da sanyi da danshi da bushewa, tun kafin a gano ƙwayoyin cuta. Ba a cewa mai ciwon ƙoda a yau ya bar asibiti ya koma ga risalar da aka rubuta shekara 200 da suka wuce. Abin da muke gada daga Bello shi ne hanyarsa, wato neman mafi ingancin ilimin da ake da shi a lokacinka, da sauƙaƙa shi, da isar da shi ga mai buƙata.

Baƙon Ingila da roƙon likita

Babbar shaida a kan wannan hanya ta zo ne daga baƙo. A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya rasu a watan Janairun shekarar a kusa da Katagum. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya nuna baƙin ciki ƙwarai da wannan rashi, domin ya so ya ga likitan Ingila wanda zai koya wa mutanensa aikin magani. A tattaunawarsu, wadda ta shafi ciniki da makamai da hana kai bayi bakin teku, Sarkin Musulmi ya nemi a turo masa jakada da likita su zauna a ƙasarsa.

Abu biyu ne a nan. Na farko, ɗan Shehu, babban malamin sunna, bai ga wata illa ga addininsa ba don ya nemi ilimin magani a hannun wanda ba Musulmi ba. Na biyu, abin da ya nema shi ne a koya wa mutanensa. Ya so ilimin ya zauna a ƙasa, ya zama na 'yan ƙasa, kada su dawwama suna jiran baƙo.

Clapperton ya dawo a 1826 ta bakin teku. Likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya iso Sakkwato. Daga cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na Ibn Sina da na lissafin Iƙlidis, kuma Bello ya nuna cewa gidansu ya taɓa mallakar littafin Iƙlidis kafin gobara ta cinye shi. Amma a wannan karo Sakkwato na yaƙi da Borno, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya taso da runduna ya nufo Kano. Da Bello ya gano cewa baƙon na ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehun Borno, sai ya hana shi wucewa, ya karɓe kayan. Clapperton ya ji zafin wannan ƙwarai, ya kwanta ciwo, ya rasu a watan Afrilun 1827, aka binne shi a wajen birni. Ko me mutum zai ce game da wannan hukunci, ya nuna cewa karamcin Bello ga baƙo bai rufe masa ido ba. Ya buɗe ƙofa ga ilimi, amma bai daina tambayar abin da ke cikin jakar mai shigowa ba.

Ina Gumel a cikin wannan tarihi?

Mai karatu daga ƙasar Lautai na iya cewa wannan ai ba sarkinmu ba ne. Haka ne. Masarautar Gumel ta Mangawa, wadda aka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, tana bin Borno ne, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Amma littafi bai san iyakar sarauta ba. Bello da Alkanemi sun yi musayar wasiƙu na muhawarar ilimi, kuma Bello ya adana hujjojin abokin hamayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri. Fatake da almajirai sun ci gaba da ratsa wannan yanki tsakanin Kano da Borno, kuma da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Gumel a 1851 ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa, wadda mutanenmu suka daɗe suna amfani da ita a miya da magani da kiwon dabbobi.

Kamar yadda littafi bai san iyaka ba, cuta ma haka. Kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis tana tara mutane da dabbobi daga Najeriya da Nijar. Daga ƙarshen 2022 zuwa watannin zafi na 2023 sanƙarau ya ɓarke, Jigawa ce ta ɗauki mafi yawan waɗanda suka kamu a Najeriya, yankin Gumel da ke bakin iyaka na cikin inda abin ya fi tsanani, a daidai lokacin da ake fama da shi a jihar Damagaram. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'o'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Tambayar da ke gaban maigida a Gagarawa ko Sule Tankarkar, idan ma'aikatan lafiya suka yi sallama a ƙofarsa, ita ce wadda ta taɓa zuwa gaban Bello: me za a yi da maganin da ya zo daga waje?

Ma'aunin da ya bar mana

Tarihinmu na kusa ya nuna mana hatsarin gefe biyu. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sanya a gwajin, 11 suka rasu, wasu daga waɗanda aka ba sabon maganin, wasu daga waɗanda aka ba na kwatanci. Iyaye sun yi ƙara cewa ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan talauci da firgici suka sa aka buɗe ƙofa ba tare da tambaya ba.

Sai kuma ɗaya gefen. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna saboda zargin an gurɓata shi, kuma raunin 1996 na cikin abin da ya ba zargin ƙarfi. Kano ba ta dawo ba sai a tsakiyar 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indunusiya. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, inda sarakuna suka riƙa ɗiga wa yara maganin da hannunsu a gaban jama'a, kuma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tsaya a gaban kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Da ma'aunin Bello za mu iya auna duka biyun. Kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a, saboda haka hana yaro rigakafin da aka tabbatar da ingancinsa, a kan jita-jitar da aka turo ta waya, sakaci ne da amana. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, sahabbai kuma suka samu a sunna cewa ba a shiga garin da take, ba a kuma fita daga cikinsa, don haka ɗaukar mataki ba ya karo da tawakkali. A ɗaya ɓangaren, jikin ɗan talaka yana da alfarma. Haƙƙin uba da uwa ne a yi musu bayani da harshen da suke ji, su san ko magani ne ko gwaji, su san amfaninsa da illarsa, kuma a nemi yardarsu ba tare da tsoratarwa ba. Haƙƙin al'umma ne a sami masana daga cikinta da za su iya bincikar abin da aka kawo.

Wannan na ƙarshe shi ne roƙon Bello da har yau bai gama cika ba. Muddin babu isassun likitoci da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna daga 'ya'yanmu, musamman mata, za mu ci gaba da zama tsakanin yarda ido rufe da ƙi ido rufe. Gidan da ya tura 'yarsa makarantar koyon aikin jinya ya sauke wa gari wani nauyi na farilla, kuma ɗalibin da ya haɗa hadda da karatun kimiyya yana kan tafarkin da magabatansa suka sani.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a ribaɗin Wurno. Masu tarihin Sakkwato sun ruwaito cewa yana cin abinci ne daga abin da ya nema da hannunsa, yana kauce wa baitulmali. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, wato Rajab na 1253, yana da shekara kusan 56, a can kuma kabarinsa yake. Ƙaninsa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba shugabanninmu irin kulawarsa da raunana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare 'ya'yanmu daga annoba. Amin.